Tsokaci, Mai Kula da Ɗakin Taro

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da babban ɗakin taro na jami'a, amma in ka je ofishin ma'aikata ka nemi sunansa na gaskiya sai an buɗe fayil. Kowa Tsokaci yake ce masa, daga ɗalibai har masu shara, har matarsa ranar da ya ɓata mata rai.

Aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Shi ke buɗe ƙofa, ya jera kujeru ɗari uku, ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin manyan baƙi, ya ɗora robobin ruwa da wani furen roba da ya girmi wasu ɗaliban, sannan ya hura makirfo ya ce "ɗaya, biyu". In an zo lokacin tambayoyi, shi ke yawo tsakanin layuka yana miƙa makirfon ga duk wanda ya ɗaga hannu. Da takardar sakandare aka ɗauke shi, ita ma da ƙyar ta fito.

A shekarun farko bai cika buɗe baki ba. Yana tsaye jikin bango yana sauraro. Yau taron ƙara wa juna sani kan kiwon kifi, gobe bita kan rubuta takardar neman aiki, jibi lacca kan tarihin haraji. Sannu a hankali ya gane cewa mutum uku ne kaɗai ke saurare a kowane taro: mai magana, da shi, da wanda ke jiran ya ci gyaran mai magana. Sauran suna gyangyaɗi ne kafin a raba jakunkuna da abincin fakiti. Ya kuma gane cewa manyan malaman da ke miƙewa bayan lacca magana ɗaya suke yi, ko kifi aka tattauna ko haraji. Za su yaba wa mai gabatarwa kan ƙoƙarinsa, su ce sai dai ba su ga inda aikin ya taɓo halin da muke ciki ba, su ce hanyar binciken tana da rauni, su rufe da cewa akwai buƙatar ƙarin bincike. Ya haddace su tas, har da inda ake tsayawa a gyara gilashi.

Wata rana aka gayyato wani baƙon masani daga nesa, ya yi awa ɗaya da rabi yana bayani kan fukafukin sauro. Da ya gama, shugaban taro ya nemi tambaya. Shiru, ko tari babu. Ya sake nema, ya share gumi, ya dubi layin malamai, kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya. Mutuminmu kuwa yana tsakiyar ɗaki, makirfo a hannunsa, kunyar jami'a ta kama shi kamar ta ubansa ce. Bai san lokacin da ya kai makirfon bakinsa ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba tambaya ce da ni ba, ɗan tsokaci ne."

Ya jero abin da ya haddace, ɗaya bayan ɗaya. Baƙon ya yi ta gyaɗa kai yana rubutu, sannan ya ce, "Na gode ƙwarai, Dakta. Wannan batu ne mai nauyi, zan koma in sake dubawa." Aka yi tafi. Shugaban taro ya kama hannunsa a bakin ƙofa ya ce ya fitar da su kunya.

Shi ke nan aka buɗe famfo. Ya sayi kwat ta gwanjo da gilashi marar magani. Ba a sake yin taro a ɗakin nan ba tare da ya yi ɗan tsokacinsa ba, kuma ɗan nan yakan kai minti goma. Ya yi wa likitoci, ya yi wa injiniyoyi, ya yi wa wata mata da ta zo koyar da gaggawar ceton wanda ya shaƙe, ya ce mata hanyar bincikenta tana da rauni. Abin mamaki, babu baƙon da ya taɓa gano shi. Wasu har katinsu suke ba shi su tambayi sashen da yake koyarwa, ya ce, "Ai ni ina ko'ina." Malaman gida sun sani sarai, amma sun ƙyale shi, don in yana magana su suna hutawa. Ya fara sa hannu a takardar mahalarta, ana ba shi takardar shaidar halarta kamar kowa, ya yi ta liƙa su a bangon falo har suka rufe tsagar da damina ta yi.

"Wannan ne kaɗai amfanin da na ga sun yi," in ji matarsa. Ita tela ce, ba ta da lokacin yabo. In ya zauna cin abinci ya fara cewa ya yaba da ƙoƙarinta sai dai, sai ta janye kwanon ta ce, "Sai dai me? Tashi ka yi ƙarin bincike a gidan maƙwabta."

'Ya'yansa huɗu, uku sun kama sana'a tun da wuri. Auta ce ta riƙe karatu. Ta shiga jami'ar, ta karanci kimiyya, ta ci gaba zuwa digiri na biyu tana binciken ruwan rijiyoyin unguwanni. Shekara biyu uban yana goya ta a babur duk Asabar, akwatin kwalabe a ɗaure a baya, suna bin rijiya arba'in da biyu. Shi ke jan guga, ita ke liƙa lamba. Shi ke ba masu gida haƙuri in sun zaci ma'aikatan rufe rijiya ne. In ta rubuta babi sai ta karanta da ƙarfi a tsakar gida, yana gyaran takalmi yana ji. Ya san rijiya ta goma sha bakwai, wadda ke bayan wurin masu gyaran batir, ita ce mafi muni, don shi ya ga yadda yaran gidan ke fama da ciwo da idonsa.

Saura kwana biyu ta gabatar da aikin a gaban malamai, a ɗakinsa, ta same shi yana goge kwat ɗinsa.

"Baba, wata alfarma nake nema."

"Faɗi, Auta."

"Ranar nan ka miƙa wa mutane makirfo kawai. Don Allah kar ka yi tsokaci."

Ya ajiye burushin. "Kunyata kike ji?"

"Ba kunyarka nake ji ba, Baba. Dariya suke maka, kuma ni nake ji a aji."

Bai taɓa sanin dariya ake yi ba, ko kuma ya sani ya ƙi sani. Ya ce to, ya fita waje ya daɗe yana wanke babur ɗin da ya wanke da safe.

Akwai wani farfesa a sashen su Auta da ɗalibai ke kira Reza. Tun wata rigima kan kujerar shugaban sashe ba ya ga maciji da malamar da ke duba aikin Auta, kuma tun da ba zai iya yankan malamar ba, ɗalibanta yake yanka. Ranar taron ya zo a makare, ya zauna a layin gaba, ya ajiye wani ambulan mai ruwan ƙasa a kan cinyarsa. Auta ta yi bayaninta minti ashirin. Tana rufe baki Reza ya ɗaga yatsa ɗaya, bai ko waiwaya ba. Tsokaci ya kai masa makirfo da hannu biyu.

Reza ya miƙe, ya gyara gilashi. Ya yaba wa yarinya kan ƙoƙarinta. Ya ce sai dai shi bai ga inda aikin ya taɓo halin da muke ciki ba. Ya ce hanyar binciken tana da rauni matuƙa, rauni irin wanda ba ya gyaruwa, don haka yana ba da shawara ta koma ta sake ɗibar ruwan daga farko.

Tsokaci yana tsaye taku biyu daga gare shi, yana jin kayansa na fitowa daga bakin wani, jimla bayan jimla, ba ragi ba ƙari. Ya dubi 'yarsa. Ta riƙe gefen tebur. Malamarta ta haɗe rai ta kafa wa silin ido. Shekara nawa yana jifan baƙi da maganganun nan, bai taɓa duban fuskar wanda suka sauka a kansa ba. Sai idonsa ya faɗa kan ambulan ɗin. Aikin Auta ne a ciki, kuma shi da kansa ya kai shi ofishin Reza mako uku da suka wuce, don masinjan sashen ba shi da lafiya. Shi ya liƙe bakinsa da baƙin salatif ɗin da yake ɗaure wayar lasifika. Salatif ɗin yana nan yadda ya sa shi.

Reza ya miƙo makirfo ba tare da ya kalle shi ba. Tsokaci ya karɓa. Daga bayan ɗaki ɗalibai suka fara ƙus-ƙus da murmushi, suna jiran abin da suka saba. Auta ta girgiza masa kai a hankali.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "tambaya ce da ni. A wane shafi raunin yake? Don a nuna wa yarinyar ta gyara."

Reza ya juyo ya dube shi daga takalmi zuwa gilashi. "Kai kuma a wa?"

"Mai kula da ɗaki ne, ranka ya daɗe. Ni na kawo maka aikin. Na ga kamar salatif ɗin ya yi ƙarfi, ko in buɗe maka?"

Sai wata ɗaliba ta kasa riƙe dariya, daga nan ɗakin ya fashe. Wani ƙaramin malami ya tura fuskarsa cikin jakar taro yana shessheƙa. Reza ya fara kame-kame, ya ce a kwamfuta ya karanta, malamar Auta ta sauko da idonta daga silin ta ce cikin ladabi ai ba a tura wa kowa ta kwamfuta ba. Shugaban taro ya yi ta buga tebur, ya ce lokaci ya ƙure, a tashi a karɓi abinci.

Kafin mako ya zagayo takardar tuhuma ta iso. An kafa kwamiti na mutum biyar don binciken yadda ƙaramin ma'aikaci ya yi amfani da kayan jami'a wajen cin mutuncin babban malami. Kwamitin ya zauna sau uku, a ɗakin taron, kuma wanda ake tuhuma ne ya jera musu kujeru ya kawo ruwa. Ba wanda ya tambayi ko an buɗe ambulan. Suka yanke cewa saboda daɗewarsa a aiki ba za a kore shi ba, za a mayar da shi ɗakin motsa jiki.

Wannan ɗaki sabon shugaban jami'a ne ya buɗe shi, tare da ajin motsa jiki na ma'aikata duk Asabar da safe. Ranar farko mutum ɗari biyu suka zo da sababbin kambas, aka ɗauki hoto, shugaban ya taka keken tsaye na minti ɗaya ya wuce wani taron. Lokacin da Tsokaci ya isa, bakwai suka rage, huɗu daga cikinsu likita ne ya tsorata su. Mai horarwar wata tsohuwar 'yar tsere ce da ake kira Koci, gajera, usur a wuya. Aikinsa ya shimfiɗa tabarmin roba, ya goge ƙarafa, ya kunna fanka. A Asabar ta biyu ta gan shi tsaye jikin bango, hannu a baya, yana kallon wani magatakarda na fama da tumbinsa.

"Baba, a nan ba a kallo. Cire takalmi ka hau."

Ya fara bayanin cewa shi ma'aikacin wurin ne, ta busa usur. Ya hau.

Auta kuwa ta biya kuɗin dariyar da ba ita ta yi ba. Ba a sa ta sake ɗibar ruwa ba, amma sai da sa hannun Reza aikin zai wuce, shi kuma ya riƙe shi wata goma sha huɗu. Sau biyar yana mayar mata, yau waƙafi, gobe faɗin gefen takarda. Abokan karatunta suka gama suka bar ta. Wata biyu cur ba ta ce wa ubanta komai ba ban da gaisuwa, uwar na tsakani tana taka keken ɗinki da ƙarfi fiye da yadda ɗinkin ke buƙata.

Wata Asabar yana kwance a tabarma, ƙafafu a sama, gumi har cikin kunne, ya hangi Auta a bakin ƙofa. Ya nemi izinin Koci da ido, ya rarrafa ya miƙe.

"Ya sa hannu, Baba. Jiya."

"Alhamdu lillahi! Ya karanta?"

"Ina fa." Ta miƙa masa robar ruwa. "Hukumar ruwa ma sun kira ni, ranar Litinin zan fara aiki. Sun ce za su je su duba ta goma sha bakwai ɗin."

Ya sha ruwan, ya zauna a benci yana haki. Ta zauna kusa da shi, suna kallon magatakarda yana ƙoƙarin taɓa yatsun ƙafarsa da bai gani ba tun shekaru.

"Baba, ka yi min gata ranar nan, kuma ka ja min wahala."

"Wanne ya fi yawa?"

Ta yi ɗan tunani. "Wahalar."

"To ki yi haƙuri, Auta."

"Na yi. In kun tashi ka sauke ni kasuwa, Mama ta aike ni zare."

Koci ta busa usur ta nuna tabarmarsa. "Baba, saura goma sha biyu, ban manta ba."

Ya miƙa wa Auta robar, ya dafa gwiwa ya tashi.