Yadda Mma Ta Koyi Sanyin Ingila a Ɗakin Kifi

Shekarar da yayata ta haihu a Landan, mijinta ya aiko wa Mma tikitin jirgi don ta je ta yi mata wankan jego. Mma ita ce mahaifiyarmu, mai sayar da waakye a bakin titin Mamobi, wato dafa-dukan shinkafa da wake da mutanen Accra ke karya kumallo da shi. Tun da aka haife ta, tafiyarta mafi nisa ita ce Kumasi. Ni kuwa ina aure a Nima, ba nisa, don haka shirin tafiyar a kaina ya faɗo.

Ba jirgin Mma ke tsoro ba, sanyi take tsoro. Wanda ya dasa mata tsoron kuwa wani tsoho ne maƙwabcinmu da muke kira Baba mai jirgi, saboda ya yi aiki a jirgin ruwa a zamanin ƙuruciyarsa. Da ya ji labari ya jawo kujera ya zauna kusa da tukunyarta.

"Hajiya," in ji shi, "Ingilar nan tsibiri ce, teku ta kewaye ta, sanyi ba shi da hanyar fita. Idan kika tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Na san wani Bazabarme da ya yi atishawa, kunnensa ya faɗi."

Mma ta dafe kunnuwanta duka biyu.

Washegari muka hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kantamanto neman kayan gwanjo. Muka samo wani baƙin kwat mai gashi a wuya, wanda ya sauko mata har idon sawu. Mai kayan ya ce mata a yaren Twi sunan irin waɗannan kaya "Bature ya mutu". Mma ta saki kwat ɗin kamar ta taɓa garwashi. Sai da na wanke shi sau uku, aka turara shi, malamin unguwa ya tofa masa addu'a, sannan ta yarda ta zura hannu.

Baba mai jirgi ya ce kwat kaɗai ba zai isa ba, dole jiki ya saba. Akwai wata ƙawar Mma mai ɗakin sanyi a kasuwar Nima, inda ake ajiye kifin ƙanƙara. Kullum bayan azahar sai Mma ta sa kwat ta shiga ta zauna a kan kwalin kifi da carbinta, ni ina bakin ƙofa riƙe da agogo. Ranar farko ta yi minti biyu ta fito haƙora na kaɗawa. Ranar biyu ta yi huɗu. Idan muka nufo gida magen kowane gida sai ta biyo mu. A rana ta biyar Mma ta yi rabin awa ba ta fito ba, har na tsorata na buɗe. Na same ta tana fifita da gefen mayafi.

"Ke, na gama da sanyi," in ji ta. "Har gumi nake yi. Su kawo Ingilar."

Ƙawarta ta leƙo ta ce, "Yaya, ai tun safe aka ɗauke wuta."

Ranar tafiya ta ɗaura zane biyu, ta sa rigar sanyi, ta ɗora kwat, ta sa safa a ƙafa da hannu, saboda Baba ya ce da an buɗe ƙofar jirgi sanyin ke kama mutum. A filin jirgi gumi na zuba daga haɓarta kamar famfo. Wani ma'aikaci ya tambaye ni ko zazzaɓi take yi.

Bayan wata guda wani ɗan unguwa da ya dawo daga Landan ya kawo mana kaset, don Mma ba ta rubutu. Muka taru a tsakar gida, har da Baba mai jirgi, aka kunna. Bayan gaisuwa mai tsawo da labarin jariri, sai muryarta ta canza.

"Idan Baba mai jirgi yana nan, a matso masa da rediyon. Baba, Allah ya yafe maka. Na sauka na tarar da rana ƙwal, Turawa sun tuɓe sun baje a kan ciyawa kamar an shanya kifi, ni kaɗai ce cikin kwat, yara suna nuna ni. Kuma garin ba shi da magana ɗaya. Ka shanya kayan jariri, yayyafi ya sauko. Ka kwashe, rana ta fito. Ka mayar, iska ta kai su gidan maƙwabci. Jiya sau biyar na fita. Ruwan ma ba irin namu ba ne da zai zo ya cika kwata ya wuce, wannan tsiyaya yake kamar mai mura. Ga azumi ya kama, rana ta ƙi faɗuwa. Ƙarfe tara ta wuce tana nan tsaye tana kallona ina kallonta."

Kowa ya juya ya dubi Baba. Ya gyara hula ya ce shi a watan Janairu ya je. Mijina ya tambaye shi wace unguwa ya zauna a can. Baba ya yi tari, ya ce a gaskiya bai sauka ba, ta tagar ɗakin injin ya leƙa, amma abin da ya gani ya ishe shi.

Mma ta dawo bayan wata huɗu da laima uku da wata sabuwar ɗabi'a. Duk safiya kafin ta buɗe tukunya sai ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce wa na farkon layi, "Yau garin da kyau, ko ba haka ba?" Ta ce can haka ake gaisawa, ba mai tambayar gida ko iyali. Wani makanike na Abossey Okai da ke sayen waakye a wajenta shekara da shekaru ya dubi saman shi ma, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Mma, irin na jiya ne. Sa mini ƙwai da taliya."