Ƙafar Ɗan Fari

Ku matso kusa ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Da bakin tatsuniya na iya magana, amma wannan ba tatsuniya ba ce. A gidana aka yi ta, kuma da hannuna a ciki.

Ni haifaffiyar wata ruga ce a gindin duwatsun Doguwa, aure ne ya shigo da ni cikin manoma. Abin da uwata ta fara koya mini kafin ta koya mini dama fura shi ne, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba a kiran sunansa, ba a kallonsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ke za ki ɗaga shi ba. Da na yaye nawa, uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa in zancensa ya kama, sai in ce wancan, ko in ce na ɗakin tsohuwa. Ban taɓa jin nauyin haka ba. Haka na taras ana yi, kuma mata suna yabona da shi.

Ya girma, ya shiga soja, ya yi aure. Aka kai su gabas inda ake faɗa. Wata rana motarsu ta taka nakiya. Waɗansu nan take suka cika, shi aka kwashe shi zuwa asibitin bariki, ya yi watanni ana ciro masa ƙarfe a ƙwaurin hagu. Daga baya aka sallame shi daga aiki, ya dawo mana da jaka ɗaya da sanda.

Lokacin tsohuwar da ta raine shi ta rasu, mahaifinsa ma ya rasu. Matarsa kuma ta yi haihuwa mai wuya, iyayenta suka ɗauke ta zuwa Bebeji jinya. Gida ya rage daga ni sai shi.

Ciwon nan mai wayo ne. Sai ya rufe kamar ya warke, ya yi sati biyu ko uku, sannan ya kumbura ya fashe, ya yi ta zubar da mugunya. Ban taɓa ganinsa da idona ba. Da safe nakan tafasa ruwa da gishiri, in ajiye a bakin ƙofarsa, in yi gyaran murya in wuce. Shi ya wanke abinsa, ya turo tsummokin waje cikin wata tsohuwar roba. In kai su bayan rumbu in wanke, in shanya a dangar baya inda maƙwabta ba sa gani. Ni ban san baƙi ba, ko na allo ko na boko, amma tsummokin nan na iya karanta su. Na san ranar da ciwo ya yi sauƙi, na san ranar da ya ci gaba.

Wata safiya ina cuɗa tsumma na ji abu ya soke ni a yatsa. Na duba, sai ga wani ɗan fari-fari kamar ƙwayar shinkafa. Wadda ta girma cikin shanu ta san ƙashi in ta gan shi. Na ɗauraye shi, na ƙulle a gefen zanena. Ban gaya wa kowa ba.

Da bazara takarda ta zo, ana kiransa Kano gaban kwamitin likitoci, kuma ya zo da wanda ke jinyarsa. Shi da kansa ya tsaya a tsakar gida, yana kallon bishiyar dalbejiya, ya yi wa bishiyar bayani don in ji. Ya ce likitocin za su auna raunin. In suka rubuta babba ne, hukuma za ta ɗauki nauyin tiyatar ƙashin a babban asibiti. In suka rubuta ƙarami ne, sai ɗan abin sayen magani duk wata. Tiyatar nan kuwa, ko gonar gado muka sayar ba za ta biya ba.

Muka hau mota tun da sanyin safiya, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Tudun Wada. Yana gaba ina baya. Duk ramin da mota ta faɗa ina ganin gumi yana tsatsafo masa a ƙeya. Amma satin nan ciwon ya rufe. Da muka isa ƙofar wurin, sai ya miƙa wa wani mai shayi sandarsa ya ce ya ajiye masa. Ya gyara hula, ya shiga yana taka ƙafar kamar ba tasa ce ke ciwo ba.

Likitoci uku ne a bayan tebur. Ya ƙame ya sara musu. Babbansu, wani mai furfura da ke jin Hausa sosai, ya tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi, yallaɓai. Aka ce ya taka zuwa bango ya dawo, ya taka. Aka ɗaga wandonsa, ni na kau da kai, suka ga tabo busasshe. Sannan mai furfurar ya juyo gare ni.

"Mama, ɗanki ne?"

Ɗakin cike da maza, shi kuma ga shi tsaye. Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Ke kike jinyarsa? Ciwon yana tashi?"

Hannuna yana kan ƙullin nan na gefen zane. Ina jin ƙashin ta cikin yadi. Sai na ji kamar uwata tana zaune a bayana, ita da duk matan rugarmu, suna jira su ga ko zan zauna gaban baƙi in yi ta lissafa ciwon ɗan fari kamar marar mafaɗi.

Na ce, "Yana ɗan taɓa shi. Amma an gode Allah."

Bawan Allahn nan ya dube ni, ya ƙara tambaya ko akwai abin da zan faɗa. Na ce babu. Ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Har gobe ban ga laifinsa ba.

Ruwan shuka ya sauka, amsa ta iso. Wancan ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, bai ce wa ko bishiya komai ba. Ni na ɗauki takardar daga aljihun rigar da ya cire, na hau babur zuwa bakin titi, na shiga motar Kiru. A Ba'awa akwai wani tsohon saje, aminin mahaifinsa, mai ido ɗaya, wanda tsofaffin sojojin yankin ke kai wa takardunsu ya duba musu. Babarbare ne da ya zauna nan bayan ya bar aiki, don haka akwai wasa tsakaninmu. Bai taɓa ganina bai kira ni baiwarsa ba.

Ranar ma da haka ya tare ni, ya ce baiwa ta kawo wa ubangijinta nono ne ko man shanu. Na miƙa masa takarda. Ya kai ta kusa da idonsa mai gani, ya karanta, dariyar ta ɗauke. Ya ce an rubuta rauni ƙarami. Ya tambayi abin da yaron ya faɗa, na gaya masa. Ya ce wannan ya sani, haka sojoji suke, ko hanjinsu na waje za su ce da sauƙi, shi ya sa ake cewa su zo da mai jinya. Sai ya tambayi abin da ni na faɗa. Na gaya masa.

Sai ya ce, "Bafulatana, da saniyarki ce ke ɗingishi, da kin tara mini gari da kuka."

Na kwance gefen zanena na nuna masa. Lokacin ƙasusuwan sun zama uku. Ya dafe kai ya yi salati. Ya ce ana iya neman a sake zama, zai rubuta, amma in sani layi ne mai tsawo, kuma ƙashi ba ya jiran layi.

Daminar nan ba na son tuna ta. Masara ta yi kyau a gonakin mutane, tamu ciyawa ta cinye rabi. Ciwon ya fashe bai sake rufewa ba. Muka riƙa zuwa asibiti a Tudun Wada ana wankewa ana naɗewa, suna ce mana wannan aikin ya fi ƙarfinsu, a kai shi Kano. Na sayar da shanun huɗa biyu da mahaifinsa ya bari, kuɗin suka tafi a allura da kuɗin mota. Matarsa ta dawo da jaririya a baya, ita kanta iska na kaɗa ta. Ta karɓi wankin ciwon, ni na riƙe wankin tsumma. Wata rana ta fito daga ɗakin ta tsuguna kusa da ni bayan rumbu, ta ce, "Inna, yatsunsa sun fara baƙi." Na ce ta je ta duba tukunya kada tuwo ya kama.

Duk ranar kasuwa nakan aika a tambayi saje ko amsa ta zo. Ya aiko cewa baiwa ta yi haƙuri. Aka karya masara, aka yanke dawa. Sai bayan an gama sussuka takarda ta zo.

Wannan karon babu zancen ajiye sanda. Maza biyu ne suka riƙe shi suka shigar. Saje ya biyo mu, amma aka ce ya tsaya waje, mai jinya kaɗai za ta shiga. Surukata ta miƙe, ita ce daidai. Na ce ta zauna ta ba yarinya nono.

Mai furfurar nan yana nan, ya kuma gane ni. Kafin ya buɗe baki na matsa gaban teburin, na kwance ƙullin, na zazzage a kan takardunsa. Sun kai bakwai, wani kamar shinkafa, wani kamar ƙwayar wake.

Na ce, "Likita, ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari."

Sannan na faɗi sunansa. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa bi ta bakina ba, har na ji ya yi mini baƙo a harshe. Na ce wancan zuwan ƙarya na yi, na farkon ƙasusuwan nan yana ƙulle a jikina lokacin da ake tambayata. Na faɗi warin, na faɗi zazzaɓin, na faɗi yadda yake cizon gefen tabarma har ya tsinke ta. Na faɗi tun watan da abin ya fara. Ban bar komai ba. Ina magana ina jin idonsa a kaina daga inda suka zaunar da shi, ban juya ba.

Likitan ya miƙe. Ya sa aka kwance bandejin, suka duba su uku, suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa. A ranar aka rubuta rauni babba, a ranar aka tura mu babban asibiti, ba a karɓi ko kwabo a hannunmu ba. Aka ɗauki hoton ƙashi. Bayan kwana biyu aka ce ƙashin ya mutu, in ana son ransa sai an cire daga ƙasan gwiwa.

Ban tambayi kowa ko da an yi aikin tun bazara ƙafar za ta tsira ba. Saje ya so ya tambaya, na roƙe shi ya bari. Wadda ta wanke tsummokin bazara ta wanke na kaka ba ta bukatar likita ya gaya mata.

To, ga inda kowa ya kwana.

Saje ya rasu shekara biyu bayan nan. Na je gaisuwa Ba'awa, 'ya'yansa suka ce har a ciwon ajali yana tambaya ko baiwarsa ta zo.

Likita mai furfura ban sake ganinsa ba. Ƙasusuwan ma a teburinsa na bar su.

Yayata da ke ruga ta ji labarin abin da na yi gaban maza. Ta ce zaman gari ya cinye mini kunya. Muna gaisawa, amma ba ta ƙara kwana a ɗakina ba.

Matarsa ta warke sarai, ta ƙara haihuwa biyu. Ita tana kiran 'yarta ta fari da sunanta, a tsakar gida, da ƙarfi. Ban taɓa hana ta ba.

Shi kuma an yi masa ƙafar roba. Kuɗinsa na hukuma suna zuwa, wani watan a makare. Yana da rumfa a kasuwar Doguwa yana sayar da taki da irin masara. In aka tambaye shi jiki, da sauƙi yake cewa. Har yau Adda yake ce mini, kuma bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ko ta farko ko ta biyu.

Ni ce na rage. Sunan nan sau ɗaya na faɗe shi, ban sake iyawa ba. In ya dawo kasuwa da yamma, tun daga zaure nake jin takunsa, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ƙara. Sai in ce wa jikokina su je su karɓi kayan babansu, ni in juya in ci gaba da tankaɗe.

Ga kunnuwanku nan, na mayar.