Halshen Kaka

Shekarar da fari ya kore mu daga Adar, a unguwar Harobanda ta Yamai muka sauka, gidan kawuna. Soja ke mulki, kuma ana ta cewa suna kwashe baƙin yunwa a kamyo, babbar motar kaya, su kai su bayan gari. Da baki ake gane baƙo. Ni na yi saurin ɗaukar maganar Yamai, har da ɗan Zabarmanci. Kakata kuwa, tana buɗe baki an san inda ta fito.

Ranar rabon dawa, muna cikin layi, na ja zanenta na ce ta yi shiru, ni zan yi magana. Ta yi shirun, aka auna mana, muka dawo.

Bayan magariba ta hura ƴan karare, ta tara mu. Ta ce an yi wata tsohuwa a shekarar yunwa, ba abin da ya rage mata sai dunƙulen gishiri. Kullum ta duba sai ta ga an lasa. Mai gari ya sa aka kwaɓa yumɓu, kowa ya danna harshensa a kai. Sai ga shi ba zane biyu da suka yi kama. Na wani baƙo mai rawani ne ya dace da shaidar da ke jikin gishirin. Ana shirin ɗaure shi, tsohuwa ta ƙura wa yumɓun ido, ta gane zanen da ɗanta ke bari a ludayinta tun yana ƙarami, kafin ya ɓata.

"Mi tac ce?" in ji kaka. "Tac ce ku sake shi, nawa na."

Yara suka yi dariya. Ni ban iya ɗaga kai ba, ita ma ba ta dube ni ba.

Yanzu da furfurata nake karatun manya. Kwanan baya malaminmu, da muke kira mushe, ya gaya mana wai likitoci sun gano zanen harshen kowa daban yake, kamar na yatsa. Ya ce in rubuta kalmar a allo. Na rubuta "harshe", ya yaba mini.

Kaka "halshe" take cewa. A hanyar gida na gwada faɗa yadda take faɗa, sai na ji kamar kwaikwayonta nake yi. Da za ta ji maganata yau daga bayan danga, ban sani ba ko za ta ce nata ne.