Baba Barau da Bindigar Ɓarawon Holand

Da an idar da La'asar, ko a Ƙanƙara ko a Faskari ko a Sabuwa, duk inda kasuwa ta kai motar majigi, za ka tarar da Baba Barau yana kafa sanduna yana ɗaure farin ƙyalle. Ba ya barin kowa ya ɗaura masa, wai ƙullin farar hula ba ƙulli ba ne. In ya gama sai ya goge lasifika da gefen riga, ya jefa goro a baki, ya jira Magariba. Aikinsa tsayawa gefen ƙyallen nan yana fassara wa mutane abin da ake yi a majigi, kuma tun dawowarsa daga yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu, yake kansa.

Kowa ya san ciwon Baba Barau. Da bindiga ta leƙo a ƙyalle, to labari ya dakata, sai ya faɗi sunanta da ƙasar da ta ƙera ta da irin ɓarnarta. Samari na yi masa tsiya, suna cewa ko saurayi da budurwa aka nuno, Baba aljihun saurayin yake leƙe ko da bindiga.

Shekarar da arzikin mai ya kawo Turawan Holand haƙar rijiyoyin burtsatse, sai suka ara wa Alhaji Gide, mai motar majigin, wani fim na ƙasarsu. Labarin wasu sakarkarun ɓarayi ne da suka je fashi a kantin agogo. A Mabai aka fara nuna shi.

"Baba, mi suka ce?" in ji wani daga baya.

"Wallahi ni ma ban ji ba, wanga yare sai ka ce mai kakin majina. Amma bindigoginsu ina jin yarensu. Ta hannun dogon nan libarba ce mai ɗaki shidda. Ta mai tumbin, mai baki biyu ce ƙirar Beljiyam, ta harbin agwagwa. Gajerar can kuwa Sitan ce, na riƙe irinta, ba ta da mutunci."

Can sai mai tumbi ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi. Ya juyo bakinta ya leƙa, ta tashi a fuskarsa. Hayaƙi ya washe, ga shi nan baƙi ƙirin, gashi a tsaye, yana ƙifta ido lafiya lau. Fili ya kece da dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne Labaran, wani maharbi Bamaguje da ke zaune a gaba, bindigarsa adaka a kan cinya.

Baba Barau bai yi dariya ba. Ya san halin maharbanmu: in adaka ta ƙi tashi, juyo ta suke yi su hura bakinta, wai ta shaƙe. Ga shi yanzu Bature ya nuna musu cewa abin bai wuce baƙin fuska ba. Ya sa aka tsayar da inji.

"Jama'a, wagga ƙarya ce! Bindigar Bature ba ta baƙin hayaƙi, toka suka ɗura mata don ku yi dariya. Da ta gaske ce, da babu kan da za ku gani. In taku ta ƙi tashi, ba ƙi ta yi ba, shawara take. Ku maida bakinta daji, ku jira ta."

Aka yi masa ihu, har da masu jifa da ɓawon rake. Alhaji Gide ya ja shi gefe ya ce, "Baba, dariya muka kawo masu, ba wa'azi ba. In ka sake, sai dai ka nemi wata motar." Baba Barau ya ce, "Alhaji, ko ka kore ni, ƙasa zan biyo motar in faɗa." Ya sake a Tafoki, ya sake a Daudawa, duk inda mai tumbi ya leƙa bindiga sai an tsayar. Alhaji ya gaji ya ƙyale shi.

Da kaka ta yi, birai suka faɗa wa masarar Labaran. Ya auna, ya ja kunama, shiru. Shi da bakinsa yake ba da labarin: "Na juyo ta, har na cika kumatu da iska, sai na ji muryar tsohon nan cikin kunnena. Na maida bakinta wajen wata kuka ke nan, ta tashi. Ramin da ta yi, hannuna na shiga har wuyan hannu." Da ƙafa ya tako Ƙanƙara, ya durƙusa gaban Baba Barau, ya fashe da kuka.

Daga nan maganar ta bi maharba. Yau daga Mabai har dajin Sabuwa, in adaka ta ƙi tashi za ka ji an ce, "Yi mata Barau." Da yawan masu faɗin haka ba su taɓa ganinsa ba.

Bana idonka ya yi rauni, Baba, ka ajiye lasifika. Kai ne ka yarda a jefe ka da ɓawon rake don kada a haƙa kabarin wani. Tsohon soja mai ɓata dariya, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya. Masu tasowa a kowace sana'a, in kun ga abin da zai cuci jama'a, ku tsayar da inji ku faɗa, ko da za a yi muku ihu.

Ran da aka yi wa Baba Barau walimar sallama, Laraba matar Labaran ta zo da goyo a baya. Aka ce ta yi jawabi, ta ce ita ba ta iya jawabi ba. "Ni dai abin da na sani, rannan maigidana ya dawo gida da ƙafarshi, ya ci tuwo."