Ƙashin Jakin da Na Jefa Rijiya

Shekarar da aka tura ni koyar da Faransanci a wani ƙaramin kolej gabas da Magarya, na tarar da sambol a ajin 'yan shekarar farko. Muƙamuƙin jaki ne aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka kama yana Hausa a aji, mai ɗauke da ƙashin zai cire ya rataya masa.

Wata yarinya mai in'ina ce ta fi kowa shan sa. Faransanci ya maƙale mata a maƙogwaro, Hausa ta kuɓuce, ƙashi ya dawo wuyanta. Daga baya ta daina magana gaba ɗaya. Direkta ya ce in ba ta buɗe baki ba kafin hutu, gida za a mayar da ita.

Ni ba ni da haƙuri. Na tsinke igiyar a gaban kowa, na jefa ƙashin cikin tsohuwar rijiyar bayan makaranta, ina ganin na yi gwaninta.

Ba abin da ya sauya. Kullum tana zaune kai sunkuye, hannu a ƙirji, tana riƙe da abin da ba na gani. In ta wuce, yara su kauce. Bencinta na mutum huɗu ne, ita kaɗai ke kai. Tsakar rana ce, aji cike, amma tsoro nake ji.

Na tsare ta lokacin shan iska. Ta ɗauki kayenta, wato littafin rubutunta, ta rubuta: "Madam, ba a jefar da shi. Sai an ba wani."

Washegari na tsaya gaban allo na ce da Hausa, "Yara, kun kwana lafiya?"

Yarinyar ta miƙe a hankali, ta zo gabana, ta sa hannu biyu ta cire abin ta saman ɗankwalinta. Na sunkuya ta rataya mini. Wallahi na ji kaushin igiya a wuyana, na ji warin tsohon ƙashi.

Ranar ta karanta layi shida, tana sarƙewa tana ci gaba, ba wanda ya yi dariya. Ba a mayar da ita gida ba.

Ni kuwa tun daga ranar ban sake kama yaro yana Hausa ba, don haka har yau ban ba kowa shi ba.