Kwalba Mai Jan Murfi

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ku ce ma wancan shi taho." Da na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Sakkwato sai aka yi mini ƙarin girma, na koma "mutumen Sakkwato". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa a ƙauyenmu na ƙasar Wurno ya san haka. Ni ma na sani, kuma sanin nan ne yake cin raina har yau.

Bayan rasuwar Baba, ita ta riƙe 'yar gonarmu ta albasa da ke shan ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo. Tun hantsi take tsaye kan masu aiki har la'asar. Fili ne fetal, duk inda ka waiga maza ne, babu ko kalgon da mace za ta laɓe. Sai ta koyi riƙe fitsari wuni guda, ta kuma rage shan ruwa don kada ya matsa mata. Ruwa na gudu a gabanta cikin kwata, ita tana fama da ƙishi.

A shekarun nan wani malamin jami'a yana karɓar ƙwayoyin cutar da muke samu a fitsari da bayan gidan majinyata, yana aikawa a binciko asalinsu. Shi ya fahimtar da ni cewa ƙwayar nan da ke cikin hanjin kowa gida-gida ce, kamar mutane. Akwai 'yan gidan A, yawancinsu salihai, su zauna a cikinka har ka mutu ba ka san da su ba. Akwai masu sa gudawa. Akwai kuma 'yan gidan B2, masu wasu 'yan gasu da suke maƙalewa da su a jikin mafitsara, fitsari ya kasa wanke su, daga nan su haura ƙoda. A kan farantin gwaji da muke shuka su duk kamarsu ɗaya, ɗigo-ɗigo ja-ja. Abin ya burge ni ƙwarai. Baba yakan jero kakanninmu har bakwai ba ya tuntuɓe, ni kuma na zama masanin salsalar ƙwayoyin cuta, ina ta hura hanci.

Wata Juma'a na zo gida na tarar Inna ba ta fita gona ba. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da ita, ta ja ni zaure.

"Innarka ba ta da lahiya. Kwana huɗu ke nan tana masassara, ga ciwon ƙugu. In ta kewaya sai ta hito tana cizon leɓe."

"Mi ya hana a gaya min?"

"Wa ka gaya maka wanga zance? Ita?"

Na zaro kwalba mai jan murfi daga jakata, irin waɗanda muke karɓar fitsari a ciki, don ba na rabuwa da su, na yi wa Gwaggo bayani dalla-dalla: na farkon safiya, a bar na fari ya zuba, a tari na tsakiya. Da ƙarfi nake magana, irin ta asibiti, kuma tsakanin zaure da ɗakin Inna zana ce kawai. Gwaggo ta karɓa ta tura cikin zane kamar na ba ta kayan sata.

Da safe aka miƙo mini kwalbar a naɗe cikin tsumma. Na hau mashin zuwa Wurno, na shiga mota, kafin azahar na shafa a faranti na sa a na'urar ɗumi. Washegari na ɗaga murfi, faranti fes, ko ɗigo babu. Wallahi daɗi na ji. Na sayi maganin zazzaɓin cizon sauro na koma da shi da kaina, na tsaya a bakin ƙofarta na ce, "Inna, an duba, babu komi. Sauro na." Ta juya fuska bango ta ce, "Madalla."

Mako uku bayan nan aka kawo ta asibitinmu a bayan motar albasa, ba ta san inda kanta yake ba. Ma'aikaciyar jinya ta sa mata roba ta ɗebo fitsarin, ya fito kamar ruwan tsamiya. Wannan karon farantin ya cika maƙil, ja har baki. An ba ta allurai masu ƙarfi, amma ƙodar ta riga ta tafi, cutar ta shiga jini. Kwana biyar ta yi kafin ta cika. Na zauna gefen gadonta na riƙe hannunta, abin da ban yi ba tun da na yi wayo, kuma da tana cikin hayyacinta da ta janye.

Na yi ta zargin farantin farko. Na zargi wutar lantarki, na zargi zafin hanya, har na yi wa abokin aikina tsawa a kan ya haɗa sinadarin ba daidai ba. Malamin jami'a ya haɗa ƙwayar Inna cikin waɗanda ya aika. Da sakamako ya dawo ya nuna mini lambarta a takarda: B2, da gasunta da dafinta, komai ya cika. Ya ce irin wannan ba ta ɓuya a faranti, in tana nan sai ta tsiro.

Da wannan maganar na je gida lokacin cirar albasa. Na samu Gwaggo tana yanke ganye a tsakar gida, na zauna na gaya mata abin da malamin ya ce. Ta ajiye wuƙar.

"Nawa na," ta ce. "Hitsarin da ka tahi da shi, nawa na."

"Naki kamar yaya?" na ce.

"Ta ji duk abin da kac ce a zaure. Tac ce ita ba ta yi, ɗanta na hwari shi ɗauki hitsarinta a hannu har Sakkwato, shi buɗe shi duba. Tac ce in zuba nawa, kak ka ji an ƙi maganarka. Ni ko na ga ai duk hitsarin tsohuwa na."

Na tashi da niyyar in zazzaga mata masifa, sai na rasa ta inda zan fara. A ɗakin gwajinmu akwai mata biyu. Da na turo ɗaya, ko da na ce wata likita ce za ta duba, ni ba ruwana, da Inna ta cika kwalbar. Shekara talatin da wani abu ina kallon matar nan tana kauce wa inuwata, na san gidan kowace ƙwayar cuta, amma na manta gidan da na fito.

Gwaggo ta share ido da bakin zane ta ce, "Ran da ka kawo magani, da ka hita, ta tambaye ni ko ka ci abinci."