Kwaɗin da na ce na Maiyama ne

Shekarun baya, lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, wani Bature ya sauka a Jega. Ba ruwansa da haraji, ba ruwansa da shari'a. Kwaɗi yake tarawa. Ni a lokacin ina noma a Jiga Birni, can wajen Aliero, sabon aure, kaina a sama, ina ganin babu abin da ban sani ba a fadama.

Abokina ne tafintansa. Tare muka tashi, tare muka yi karatun allo, shi ya bi fatake zuwa kudu ya dawo da 'yan kalmomin Turanci a bakinsa. Baturen ya yi masa alkawarin takardar shaida idan aiki ya ƙare lafiya, kuma a wancan zamani mai irin wannan takarda ba ya rasa aikin tafinta duk inda ya nufa. A kanta abokina ya ɗora duk burinsa.

Wata ranar kasuwa ya ja ni masaukin Baturen ya nuna mini kwalabe jere, kowace da ruwa mai wari da ɗan kwaɗo a ciki, da 'yar takarda ɗaure a wuyanta. Ba irin kwaɗon gindin randa ba ne. Wannan ƙaramin nan ne da ba ya wuce kan babban yatsa, mai liƙewa a jikin kacala, ciyawar nan doguwa ta bakin ruwa. Abokina ya ce a wurin Bature kwaɗi ma suna da dangi kamar mutane, akwai babban gida, akwai zuri'a, akwai 'yan ɗaki ɗaya, kowa da sunansa. Waɗannan ana gane danginsu da 'yan tafin da ke kan yatsunsu, kuma a cikinsu akwai mai ɗigo-ɗigo, akwai mai zane rawaya a gefe. Mai zanen an same shi a Jega, an same shi wajen Aliero. Abin da Bature ke son sani shi ne ko ƙasarsa ta kai Maiyama.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Yau ga kwaɗo da iyakar ƙasa, saura a naɗa mai hakimi."

Abokina bai yi dariya ba. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da Bature, shi kuma ba ya iya barinsa, ana neman wanda za a aika. "Na ce mai ina da mutum wanda maganatai tawa ce. Kak ka ba ni kunya."

Gaskiya na je Maiyama, wannan kam Allah ne shaida. Tafiyar yini guda na yi. Wani masunci ya sauke ni, na kwana biyu ina kutsawa cikin kacala, ruwa har ƙugu, matsattsaku na shan jinina. Mai ɗigo-ɗigo ga su nan birjik. Mai zane ko ɗaya.

To mu yadda aka rene mu, baƙo ba ya aikenka ka dawo masa hannu wofi. Abin kunya ne, balle an yabe ka a gabansa. Sai na ratse ta bayan Jega ban shiga gari ba, na wuce gida, na sauka fadamarmu, kafin rana ta take tsaka na kama uku masu zane na zuba a gora.

Mahaifiyata tana sussuka ta gan ni. Ta leƙa gorar ta ce, "Wa'annan ai na bayan garinmu na."

Na ce, "Inna, kwaɗo ai kwaɗo na."

Ta ce, "In kwaɗo kwaɗo na, mi ya sa anka aike ka har Maiyama?"

Na yi kamar ban ji ba.

Sau uku Baturen ya sa aka tambaye ni inda na kama su, sau uku na ce Maiyama. Abokina ya dafa ƙirjinsa ya ce ya tsaya mini. Da hannunsa ya ɗaura takardar a wuyan kwalbar. Baturen ya yi murna sosai, ni kuma na koma gida ina jin na fitar da kowa kunya.

Murnar ce ta tona ni. Da Baturen ya warke sai ya ce lallai sai ya je Maiyama ya gani da idonsa. Suka tafi da abokina, mako guda suna cikin ruwa ba su ga mai zane ba. Ana nan sai masuncin da ya sauke ni ya ce, cikin zuciya ɗaya, ai wancan saurayin ma haka ya sha wahala ya tafi da gora ba kome.

Duk wannan daga bakin abokina na ji, ranar da ya same ni ina gyaran wurin da zan zuba irin albasa. Ya rame, ƙafafunsa duk miki. Ya ce bai fassara maganar masuncin yadda take ba. Ce wa Bature ya yi shi ne ya cuɗa kwalaben, ya ɗaura takardar Maiyama a ta Aliero. Baturen ya zubar da duk kwalbar da abokina ya taɓa ɗaura wa takarda, aikin wata biyu, ya sallame shi ba shaida.

Abokina bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Da ka ce ba ka samu ba, shi ma rubutawa za shi yi. Babun ma ita yaka nema."

Kunya ta rufe ni, amma girman kai ya fi ta ƙarfi. Maimakon in ce ya yafe mini, sai na ƙaƙaro dariya na ce, "Duk wanga abu a kan kwaɗo?"

Ya dube ni, ya ce Allah ya ba da amfanin albasa, ya juya. Da kaka ta wuce ya koma bin fatake. A hanyar kudu ciwo ya kama shi a shekara ta uku, can aka binne shi.

Tun daga ranar, in an aike ni ban samu ba, ina cewa ban samu ba, ko sarki ne ya aike ni. Amma wannan bai mayar wa abokina takardarsa ba. Yanzu na tsufa, ba na iya shiga ruwa, sai dai in zauna a bakin fadama in ga 'yan kwaɗin nan liƙe a kacala, masu zane rawaya, suna nan a garinmu inda suke tun asali. Mun yi shekara ashirin da wani abu tare da abokina, mun yi hira ta cika rumbu, amma maganar ƙarshe da ya ji daga bakina ita ce waccan.